Gwajin Gareji a Jikin Ango

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta yabe ni a gaban likita ba. Na san wani zai ce yabon suruka ai abin nema ne, mutum ya shekara yana kai doya da galan na manja bai samu ba. To ni na samu, a bainar jama'a kuwa, kuma da an ba ni zaɓi a ranar da na gwammace ta zage ni.

Ni bakanike ne a unguwar Apo, ɓangaren inji. Karatuna bai yi nisa ba, amma a gareji ana ji da ni, don in mota ta shigo tana kuka nakan faɗi abin da ke damunta tun mai ita bai kashe ta ba. Sannan ina da ciwon suga, na daɗe da shi. Ina shan ƙwaya safe da yamma, ina kuma da ɗan abin gwajin nan da ake huda yatsa a ɗiga masa jini ya nuna lamba. Waɗannan abubuwa biyu, kunnen inji da tsohon ciwo, su suka haɗu suka kumbura min kai. A rumfar mai shayi inda muke zama, da zarar wani ya ambaci suga sai kowa ya juyo ya dube ni, ni kuma in gyara zama in yi gyaran murya.

Matata Rabi tana da ƙane, Nuhu, direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, yana haya a Mpape. Ya haura talatin, kuma dama can siriri ne. Akwai wasa sosai tsakaninmu, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanin matarsa. Shi yana ce min Tanka saboda tumbina, ni ina ce masa Eriya saboda sirantakarsa. A lokacin an sa ranar aurensa a Abaji, garinsu, saura 'yan makonni.

Wata rana da yamma sai ga shi a gareji, bai ce min Tanka ba, ya ce min Yaya. Nan na san akwai magana. Ya ce ma'aikatan lafiya sun je ofishinsu suna gwaji kyauta, da aka zo kansa sai da matar da ke gwajin ta sake gwadawa don ba ta yarda da lambar farko ba. Ta ce masa sugansa ya hau ƙwarai, ya tafi asibiti kada ya yi wasa, domin ciwon iri-iri ne, akwai na ɗaya akwai na biyu, kuma sai an san wanne ne kafin a san maganin da za a ba shi. Ya ce dama kwanan nan ƙishirwa ba ta barinsa, fitsari kuwa har ogansa ya fara tsaki saboda yawan tsayawa a hanyar filin jirgi. Ya yi niyyar zuwa asibiti washegari, shi ne ya biyo ya tambaye ni wanne nake zuwa.

Tambayar ke nan fa. Sunan asibiti kawai bawan Allah ya nema. Da na faɗa masa na koma ƙarƙashin motar da nake gyara, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Maimakon haka sai na goge hannu da tsumma, na sa ya miƙe tsaye, na zagaya shi kamar motar da aka kawo sayarwa. Na ce masa wannan ai ba abin zuwa bin layi ba ne. Na ɗaya na yara ne, da shi ake haihuwarsu, shi ne na allura. Na biyu na manya ne, irin nawa, ƙwaya ce kawai. (Inda na samo wannan karatu, wallahi ban sani ba. Ina jin rabi a layin karɓar magani na tsinta, rabi kuma ni na ƙera.) Na ce, “Kai da gemu, ga aure a gabanka, me ya haɗa ka da ciwon yara?”

Ya ce amma matar ta ce sai an gwada jini.

Na ce gwaji ai muna da shi a nan. Ku da ba ku san aikinmu ba, bari in yi muku bayani. In mota ta ƙi tashi, muna zargin wani ƙarfe a cikinta amma ba mu tabbatar ba, ba ma ɓata lokaci. Sai mu je ga wata mota irinta mai lafiya, mu kwance nata, mu ɗaura wa marar lafiyar. In ta tashi, an gano ciwo. In ba ta tashi ba, a mayar wa mai shi kayansa a gwada wani. Kowane bakanike a Apo haka yake yi, kuma yana aiki. Sai na ce wa Nuhu haka za mu yi: zan ɗiba masa daga cikin ƙwayoyina ya sha. In lamba ta sauka, to irin nawa ne, magana ta ƙare.

Na ga bai gamsu ba. Ni kuma na san inda ke masa ƙaiƙayi, don Nuhu tun yana yaro in ya ga allura sai an riƙe shi. Ga kuma tsoron kada dangin amarya su ji ango yana zaryar asibiti ana saura kwanaki biki, a fara 'yan ƙus-ƙus. Na tuna masa duka biyun. Allah ya yafe min, da gangan na tuna masa. Ya karɓi ƙwayoyin ya zuba a aljihu.

Da Rabi ta ji, ba ta so ba. Ta buga wa mahaifiyarsu waya a Abaji, wadda muke kira Inna, ta gaya mata. Tsakanina da Inna shekara da shekaru gaisuwa ce kawai, in durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon gefe, in ajiye tsaraba in fita. Amma ranar nan sai na miƙa hannu na karɓi wayar. Na ce, “Inna, ku kwantar da hankalinku. Ku bar min shi, ciwon nan na san shi kamar yunwar cikina.” Ta yi ta sa min albarka har katin Rabi ya ƙare.

Nuhu ya ɗauki hutun aure ya dawo gidanmu da zama don in riƙa lura da shi. Na hana shi lemon kwalba da shayi mai suga da burodi, waɗanda dama su yake ta ɗirka saboda ƙishirwa. Rabi ta koma dafa masa acca da ganye. A kwanakin farko lambar ta ɗan sauko. Yanzu na san barin lemon ne ya sauko da ita, amma a lokacin sai na ɗauki abin gwajin na tafi da shi rumfar mai shayi ina nuna wa mutane. Har na ce da a ce iyayena sun bar ni na yi karatu, da yanzu wani zancen ake ba wannan ba.

Sai dai yaron bai daina ramewa ba. Telan da ke ɗinka masa kayan biki ya rage wuyan riga, ya dawo ya sake ragewa, har ya tambaya ko dai wani ne daban zai sa kayan. Rabi ta yi min magana, na ce mata tunanin aure ne, kowane ango yana ramewa, ni ma na rame a lokacin nata. Ta dubi tumbina ta ce ita dai ba ta tuna ba.

Akwai wani abu da har yau in na tuna sai in rufe ido. Wata rana Nuhu ya bi ni gareji don zaman gida ya ishe shi, yana zaune kusa da ni a benci, sai na riƙa jin warin tina, ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Na tashi a fusace na tafi rumfar maƙwabcina Oga Sunday mai fenti, na ce ya rufe gwangwanayensa, ina da marar lafiya a wurina. Mutumin ya rantse da abin da yake bauta wa cewa tun safe bai buɗe ko ɗaya ba, yau kankare mota kawai yake yi. Na ce ƙarya yake, hancina ba ya kuskure. Hancin nawa kuwa bai yi kuskure ba. Daga bakin Nuhu warin ke fitowa, kuma daga baya aka gaya min wannan alama ce ta cewa jiki ya shiga hatsari.

Ana saura kwanaki kaɗan biki, da safe bayan mun dawo daga masallaci, Nuhu ya fara amai. Ya riƙe ciki, yana numfashi sama-sama kamar wanda ya hau tudun Mpape da gudu, in an yi masa magana sai ya daɗe bai amsa ba. Na ɗauko abin gwajina na huda shi. Bai nuna lamba ba sam, wasu haruffa biyu kawai ya nuna, waɗanda daga baya na ji suna nufin sugan ya wuce abin da zai iya aunawa. Na ce batir ne ya yi sanyi, bari in nemo wani. Rabi ta riga ta sa hijabi.

Ta ce, “Baban Ummi, ko ka tayar da mota yanzu, ko in fita titi in tare mai Keke.”

Tunda muka yi aure ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Na tayar da mota.

A asibiti ba su ma bari mun gama bayani ba, suka shige da shi. Aka sa masa ƙarin ruwa hannu biyu, ana ta shiga ana fita. A nan wasa ya ƙare min. Na zauna a baranda ina jan carbi, ba na ma sanin abin da nake karantawa, abu ɗaya ke yawo a kaina: ɗan Inna ne, kuma ni na ce mata ta bar min shi. Sai wajen la'asar wata nas ta fito ta ce ya farfaɗo, har ya nemi ruwa.

Washegari Inna ta iso daga Abaji a motar farko. Muna tsaye a gefen gadon, ni da Rabi da ita, ga sauran marasa lafiya da masu jinyarsu cike da ɗakin, sai likitar ta shigo. Mace ce, ba ta kai Rabi shekaru ba, da farin gilashi, Hausarta a nutse. Ta gaida Inna da ladabi, ta ce Nuhu ya tsallake babban hatsari, da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Sannan ta tambaya ko yana shan wani magani kafin a kawo shi.

Nuhu ya rufe ido kamar mai barci. Rabi ta dubi silin. Ni kuma na fara lissafin nisan da ke tsakanina da ƙofa. Sai Inna ta gyara mayafi, ta nuna ni da hannu, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Ai 'yar nan, Allah ya rufa mana asiri da wannan bawan Allah. Surukina ne. Shi ya gano irin ciwon tun ba a je ko'ina ba, shi yake ba shi magani daga nasa, bai karɓi ko sisi ba. Ba don shi ba da ban san inda za mu sa kanmu ba. Allah ya yi masa albarka.”

Wata tsohuwa a gadon kusa ta ce amin. Wani ma daga can ƙarshen ɗaki ya ce amin.

Likitar ta juyo ta dube ni ta saman gilashi. Ta ce, “Malam, a wane asibiti kake aiki?”

Na ce a Apo nake.

Ta ce, “Apo wane asibiti?”

Na ce, “Gareji.”

Da na yi shiru daga nan, da wataƙila an bar ni da sauran mutunci. Amma ta tambaye ni yadda na gane nau'in ciwon, kuma ta yi tambayar a hankali, kamar mai son ta ƙaru. Ni kuma bakina ya saba da rumfar mai shayi. Sai na ji ni ina yi mata bayanin gemu da shekaru, ina yi mata bayanin yadda ake kwance kayan wata mota a ɗaura wa wata. Ina cikin magana ina jin yadda take fita, amma na kasa taka birki. Nas ɗin da ke bayanta ta juya tana gyara robar ƙarin ruwan da ba abin da ya same ta, kafaɗunta suna rawa.

Likitar ba ta yi dariya ba, kuma ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi zafi. Ta juya ga Inna ta yi mata bayani, ni kuma ina tsaye ina sha. Ta ce akwai wani sinadari da jiki ke yi, insulin, shi ke shigar da suga inda zai yi amfani. Mai nau'i na biyu jikinsa yana yin sinadarin, sai dai bai isa ba ko ba ya aiki yadda ya kamata, shi ya sa ƙwaya ke taimaka masa. Mai nau'i na ɗaya kuwa jikinsa ya daina yi, ko ya kusa dainawa, don haka ko buhun ƙwaya ya sha ba za ta tsaya a madadin allura ba. Ta ce shekaru da ƙiba suna ba da haske, amma ba su ke yanke hukunci ba: akwai mai furfura da na ɗaya ya kama, akwai siriri mai na biyu. Abin da suke dubawa shi ne yadda ciwon ya faro, da saurin ramar, da abin da fitsari ya nuna, sannan a ɗebi jini a ga ko jikin yana yin sinadarin har yanzu, a kuma ga ko garkuwar jikin ce da kanta ke kai wa wurin yin sa hari. Ta ce sun ɗebi jinin Nuhu, sakamakon zai ɗauki kwanaki, kuma ko su da aikinsu ke nan wani lokacin sai sun jira sun ga yadda jiki zai yi kafin su tabbatar.

Su suna jira. Ni kuwa zagaye ɗaya na yi masa da tsumma a hannu.

Na ɗauka an gama da ni, sai ta sake juyowa. Ta ce to in ina ba Nuhu daga cikin maganina, ni me nake sha? Na ce muna rabawa ne, shi safe ni yamma. Ta cire gilashin ta goge ta mayar. Ta ce wa nas ta kawo abin gwaji, a zaunar da ni. Aka zaunar da ni a kujerar masu jinya, a gaban surukata, aka huda min yatsa. Lambar da ta fito ba zan faɗa muku ba, amma nas ɗin ta daina dariya.

“Me ka ci da safen nan?”

Na ce shayi ne ba suga. Ta ci gaba da kallona. Na ce da ɗan burodi. Ba ta ɗauke ido ba. Na ce da fanke guda uku a bakin ƙofar asibiti, saboda tashin hankali. Rabi, wadda ta shekara tana tashi da asuba tana dafa min acca, ta ce, “Fanke,” a hankali, kamar tana ajiye kalmar a wani wuri don ta dawo ta ɗauka.

Sai likitar ta tambaye ni sau nawa nake tashi fitsari kafin gari ya waye, da ko ina jin wani canji a ƙarfin jikina na wajen iyali, don suga yana taɓa nan ma. Jama'a, a gaban Inna. Matar da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya ga bango tana salati ƙasa-ƙasa. Nuhu, wanda ake cewa barci yake, ya buɗe ido ɗaya.

Ya ce, “Tanka, ka amsa mana, likita na jira.”

Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka da dariya, har tsohuwar da ta ce amin. Ni dai na ce wa likitar in Allah ya yarda zan zo ofishinta ni kaɗai. Amma a raina na ji wani sanyi, don tunda ya dawo ce min Tanka, na san ya dawo.

Sakamako ya fito bayan kwanaki, nau'i na ɗaya ne. Aka ɗaga bikin zuwa bayan salla, kuma dangin amaryar da na yi ta tsorata shi da su, su suka fi kowa zaryar dubiya, har yayar amarya ta koyi yadda ake adana allurar a wuri mai sanyi. Nuhu mai gudun allura yanzu shi ke yi wa kansa, yana hira yana yi, ya yi ƙiba har an sake buɗe wuyan rigar. Na je na ba Oga Sunday haƙuri, ya ce ba komai, amma shi ya raɗa min sunan Dakta, kuma sunan ya bi gareji har masu sayar da abinci.

Na nemi gafarar Nuhu, ya ce ya yafe amma ba zai daina ba da labarin ba sai ranar da ya mutu. Na nemi ta Rabi, ta yafe bayan an yi zaman fanke, wanda shi labari ne daban. Ta Inna ce ban san yadda zan nema ba, don ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Abin da na lura kawai shi ne, yanzu in na je Abaji na durƙusa a bakin ƙofa, kafin in gama cewa “ya ƙarfin jiki”, sai ta yi sauri ta ce lafiyarta ƙalau, ba inda ke mata ciwo, ko kai ba ya sara mata. Rannan ina ji tana tari a ɗaki, tana jin sallamata ta haɗiye shi.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Daɗewa da ciwo ba ya mayar da mutum likita, tsohon majinyaci kawai yake zama. Yanzu in wani ya zo ya tambaye ni sunan asibiti, sunan asibitin nake faɗa masa, in ƙara da kwatancen inda ake ajiye mota.